Mun gayyaci baƙi cin abinci, aka ɓuge da wa'azi: in ajiye aikin ne?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ɗaliba ce a aji uku a wata jami'a a Arewa. Semesta biyu ke nan da zumuntarmu ta ɗalibai Kirista ta ɗora ni a kan sashen kula da ɗaliban ƙasashen waje da addu'a domin al'ummai. Baƙin da na sani sun kai ashirin, daga Nijar da Chadi da Kamaru. Da muka fara addu'ar mukan kai talatin, yanzu mu huɗu ne, wani makon ma ni kaɗai. Mun shirya liyafar maraba, na rubuta a takardar gayyata cewa cin abinci ne da sanin juna. Ana cikin ci sai shugabanmu ya miƙa wa wani mai wa'azi lasifika, har aka yi kira a fito gaba. Musulmi biyu 'yan Nijar suka tashi suka fita. Ɗaya ƙawata ce 'yar ajinmu, tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Wani ɗan'uwa ɗan Chadi ya daina zuwa, ya ce ba ya gane Turancinmu. Wata 'yar Kamaru ta ranci naira dubu 40 a hannuna, yau wata huɗu shiru. Shugaba kuma kowane wata tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa kika kawo? Makina ya sauko daga 3.7 zuwa 3.4. Ina so in ajiye aikin, amma ina tsoron kada ya zama na guje wa kiran Allah kamar Yunusa. Ki taimake ni da shawara.

'Yarki a cikin Ubangiji

'Yata, sannu da ɗawainiya. Matsalolin da kika jero mini ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wadda ba za ta jira ba ita ce ta ƙawarki 'yar Nijar.

Ta san ke Kirista ce tun ranar da kuka fara zama aji ɗaya, hakan bai hana ta ƙawance da ke ba, don haka ba addininki ne ya ɓata mata rai ba. Kin ce mata cin abinci ne, ta zo saboda fuskarki, sai ta tsinci kanta a wurin da ake cewa a ɗaga hannu a fito gaba. A ganinta shigo-shigo ba zurfi aka yi mata, kuma da hannunki aka yi, ko da yake ke ma ba ki sani ba. Ga kuma abin da ba lalle kin lura da shi ba: baƙi 'yan ƙasa ɗaya a jami'a tamkar 'yan gida ɗaya suke, labarin kowa yana hannun kowa, yakan riga mai shi isa gida. Mai yiwuwa tun daren nan take amsa tambayar me ya kai ta taron Kirista, shirun da take miki har da kare kai a cikinsa. A makarantun Arewa kuwa, ba sai na faɗa miki ba, maganar an yaudari Musulmi zuwa wa'azi ba ƙaramar magana ba ce idan ta faɗa bakin da bai kamata ba.

Ki je ɗakinta cikin makon nan, da rana, ke kaɗai. Kada ki riƙe takardar bishara, kada ki kai kyauta, kada ki haɗa da wata sabuwar gayyata. Ki ce mata: "Na ce miki cin abinci ne, kika zo saboda ni, aka yi abin da ban faɗa miki ba. Ban san za a yi ba, amma sunana ne a kan takardar. Ki yafe mini." Daga nan ki yi shiru ki saurare ta, ko da abin da za ta faɗa ba daɗi. Kada ki kare wa'azin, kada kuma ki zauna zagin shugabanku a gabanta. Idan ta ƙi sauraro, ki ci gaba da gaishe ta, ki ba ta littafinki ranar da ta rasa lakca kamar yadda kika saba. Irin wannan raunin yakan ɗauki semesta guda kafin ya rufe. Ɗayan da ya fita tare da ita kuwa, idan namiji ne, ɗan'uwa namiji ya kamata ya je masa, kuma ya fi kyau shugaban da kansa ya je.

Shugaban naku ba mugu ba ne. Ɗalibi ne irinki mai wa'adin shekara guda, an tashe shi a kan cewa taron da aka watse ba a yi kira ba asara ne, wataƙila shi ma akwai mai tambayarsa lissafi daga sama. Himmarsa abar yabo ce, amma ya karya alkawarin da kika ɗauka da sunan zumunta. Bulus ya faɗa a 2 Korantiyawa 4:2 cewa sun rabu da ɓoye-ɓoye da makirci, a fili suke bayyana gaskiya, kuma 1 Bitrus 3:15-16 ya ce mu ba mai tambaya amsa cikin tawali'u da girmamawa. Ki nemi zama da shi a gaban uban ƙungiyarku ko faston cocin makaranta, ba a cikin taron shugabanni ba, inda kunya za ta sa shi ya kafe. Abu biyu za ki nema. Na farko, a rubuta a ajiye cewa abin da ke cikin takardar gayyata shi za a yi a wurin taro, kuma ba mai ƙara komai sai da sanin mai kula da sashen. Na biyu, a sauya tambayar wata-wata. Rahotonki ya zama na baƙi nawa aka ziyarta, wa aka raka asibiti, wa ke cikin nazari da son ransa, wace addu'a aka ga amsarta.

Wannan ba ya nufin ku ɓoye Almasihu. Ku raba ƙofofinku ne, kowace da sunanta a rubuce. Ƙofar taimako ta kowa ce, Musulmi da Kirista, ba sharaɗi. Baƙo ko da idonsa makaho ne: sabon zuwa yana bukatar mai nuna masa ofishin kula da harkokin ɗalibai, da yadda ake samun lambar NIN kafin a yi rajistar layin waya, da BVN don asusun banki, da kasuwar da ba za a ninka masa farashi ba saboda harshensa. Wanda ya fito daga tsarin Faransanci ya saba a ba shi maki bisa 20, sai an zauna da shi an bayyana masa yadda gwajin tsakiyar semesta da halartar aji ke shiga sakamako a nan, in ba haka ba sai ya tara ƙarfinsa duka ga jarrabawar ƙarshe ya sha mamaki. A batun takardun zama kuwa kada ku yi musu fatawa. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, Nijar ma ta fita a Janairun 2025, kuma dokoki suna sauyawa. Aikinku ku raka mutum ofishin hukumar shige da fice, ku kuma tuna masa tun saura wata biyu takardarsa ta ƙare.

Ƙofar zaman ci da hira kuma ta tsaya a yadda aka ambace ta. Idan za a yi addu'ar godiya kafin a ci, ku rubuta haka. Nama ku saya wurin mahauci Musulmi ku kuma faɗa wa baƙin, kada ku sa taro ya ci karo da magariba, cikin watan azumi kuma ku ɗaga shi zuwa bayan shan ruwa. Ku roƙi baƙin su dafa nasu abincin su kawo, domin wanda kullum shi ake ciyarwa yakan ji kansa almajiri. Sai ƙofar nazarin Littafi Mai Tsarki, wadda za ku kira da sunanta: muna karanta Bisharar Luka ran kaza, mai so ya zo, ba wanda za a tilasta wa yin addu'a ko fitowa gaba. Kaɗan ne za su zo, amma kowa zai zo da sanin inda ya nufa. Duk wanda ya zo da tambaya kuma, sunansa da hotonsa kada su shiga zauren WhatsApp na zumunta, ko da da sunan neman addu'a ne. Hoton allo guda ya isa ya raba yaro da iyayensa da kuɗin makarantarsa.

Maganar ɗan'uwan nan na Chadi ta fi yadda kika ɗauke ta nauyi. Mu 'yan Najeriya muna da halin ɗaukar kowane baƙo a matsayin gonar da za a nome, alhali kudancin Chadi, wajajen Mundu da Sar da Doba, cike yake da ikilisiyoyi masu ƙarfi. Ba mamaki wannan yaron shugaban matasa ne ko mai kaɗa wa mawaƙa a cocinsu, ya zo nan aka zaunar da shi a benci na baya yana jin Turanci mai gudu gauraye da Burokan ta cikin lasifika mai ƙara. Ki karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Da masu jin Helenanci suka yi gunagunin ana tsallake gwaurayensu, manzanni ba su ce su yi haƙuri su koyi harshen gari ba. An zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su. Ki je ki ce masa kina bukatarsa a matsayin mataimakinki, ya riƙe ƙaramin rukunin nazari da Faransanci sau ɗaya a mako. Littafi Mai Tsarki na Faransanci yana samuwa kyauta a waya. A babbar sujada ku sa mai fassara ya zauna kusa da su a gefe guda yana faɗa musu a hankali, ku rubuta ayoyin ranar a allo, ku koyi waƙa ɗaya tak ta Faransanci ku rera ta da kyau. 'Yan Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa Hausa ce gadarku da su, ko da za ki ji suna cewa lakwal a maimakon makaranta, mushe a maimakon malami. Sai dai ki tambaya kafin ki ɗauka kowane ɗan Nijar Bahaushe ne, na Yamai da Doso zai iya zama Bazabarme.

Daga nan ne maganin addu'arku zai fito. Irin wannan taron yakan mutu ne saboda ana yi wa taswira addu'a: a jero ƙasashe goma cikin awa biyu, ba wanda ya san kowa a cikinsu, ba wanda zai taɓa jin ko an amsa. Mutum talatin za su jure haka mako uku, daga nan sai gwaji da yunwa su rinjaye su. A Markus 11:17, da Yesu ya kori masu ciniki, maganar Ishaya 56:7 ya ɗauko, cewa Haikali ɗakin addu'a ne domin dukan al'ummai, kuma masana da yawa suna ganin a farfajiyar da aka ware wa waɗanda ba Yahudawa ba ake cinikin. Wato wurin da baƙi za su tsaya su yi addu'a ne aka cinye. Ku kuna da al'ummai uku a ɗakunan kwanan makarantarku, kuna yi musu addu'a ba sa wurin.

Ki mayar da taron minti 45, rana ɗaya, wuri ɗaya, a fara kan lokaci ko mutum biyu ne, a tashi kan lokaci ko addu'a ta yi daɗi. Ƙasa ɗaya za ku riƙe wata guda cur. Minti biyar waƙa, minti biyar karatu, minti goma ɗan ƙasar ya yi magana da harshen da ya fi masa sauƙi ana fassarawa, minti ashirin a rabu uku-uku a yi addu'a, kowa da harshensa, sauran biyar ɗin a rubuta. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi ki ja layi uku: kwanan wata, roƙo, abin da ya faru. Makon ƙarshe na kowane wata a karanta layi na uku a bainar kowa. Wannan layin ne zai dawo da mutane. Mako biyu kafin jarrabawa ku rufe taron, ku riƙa aika roƙo ɗaya a rana ta waya.

Mai magana ya kawo abu uku: na gidansu, na ikilisiyarsu, na ƙasarsu da shugabanninta, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ya umarta. Na gidan shi ne ke buɗe zuciya, domin wanda ya yi wa mahaifiyar abokinsa da ke kwance a Mundu addu'a ba zai ƙara jin sunan Chadi a rediyo ya wuce ba. Na ƙasa kuwa akwai abin roƙo mai yawa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa gabashin Chadi ta garin Adre. Yankunan Kamaru biyu masu amfani da Turanci suna cikin rikici tun 2016. A Nijar Kirista 'yan tsiraru ne ƙwarai, ga kuma ma'aikata irin na asibitin mishan na Galmi da ke aiki tun 1950. Amma ki tsare bakin masu addu'a. Kada wani ya kira ƙasar mutum ƙasar duhu a gabansa, kada kuma addu'a ta zama sharhin siyasa. Ɗan Bamenda da ke yankin masu Turanci da ɗan Yawunde babban birni ba lalle su ga rikicin ƙasarsu da ido ɗaya ba, haka ma 'yan Nijar a kan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ki tambaye su ɗaya-ɗaya tun kafin taro me suke so a faɗa. Idan kina neman ƙarin bayani, NIFES, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta Najeriya, tana cikin haɗakar ƙungiyoyin ɗalibai Kirista ta duniya, IFES, wadda aka kafa a 1947, kuma tana da takwarori a ƙasashen nan, waɗanda masu Faransanci suka fi sani da GBU, a Chadi kuma UJC. Ma'aikacinta na yankinku zai iya haɗa ki da su. IFES tana kuma da ranar addu'a domin ɗaliban duniya kowane Oktoba, ranar da ta dace a miƙa wa baƙinku sujadar gaba ɗaya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kafin ki yanke wa 'yar Kamarun hukunci, ki sani kuɗin makarantar baƙo a jami'o'i da dama ya fi na ɗan ƙasa, kuɗin gida kuma yakan makale a hanya ko ya zaftare a wurin canji. Ko sefar ma iri biyu ce, ta Nijar daban, ta Chadi da Kamaru daban, darajarsu ɗaya amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan. Ƙila kunya ce ta sa take kauce miki. Ki same ta ku biyu, ki tambayi halin da take ciki, ki ba ta hanyar biyan dubu goma-goma cikin wata huɗu, a rubuce. Idan ta karya wannan, ki je da mutum ɗaya, yadda Matiyu 18:15-16 ya tsara. Idan kuma kin tabbata ba ta da shi, kina iya yafe mata rabi ki faɗa mata a fili, ya fi a bar maganar tana ruɓewa tsakaninku. Daga yau kada rance ya sake fitowa daga aljihunki. Zumunta ta ware ƙaramin asusu daga baiko, mutum biyu su sa hannu, a ƙayyade iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa, a rubuta komai, kada kuma a ɗaura shi a kan zuwa taro.

Akwai abin da ba ki ambata ba amma zai zo: hutu da yajin aiki. A 2022 yajin aikin ASUU ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, haka kuma iyakar Najeriya da Nijar ta kasance a rufe daga bayan juyin mulkin 2023 har Maris ɗin 2024. Ɗan gida motar kasuwa zai hau, baƙo kuwa yana iya rasa inda zai kwana. Tun yanzu ki roƙi fastocin gari su samo iyalai huɗu ko biyar da za su iya karɓar ɗalibi: mace a gidan da uwar gida take zaune, a yanka kwanakin zama tun farko, fasto ya sani, ofishin harkokin ɗalibai ma ya sani.

Saura ke. Yunusa aike aka yi masa ya hau jirgi ya nufi wani gefen, ke kuwa semesta biyu kina ɗauke da aikin mutum shida har ƙafarki ta fara rawa. Maganar da ta dace da ke ita ce ta Yetro ga Musa a Fitowa sura 18, cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a raba shi. Karatun nan ma amana ce, akwai masu hana cikinsu su biya miki. Idan kwas ɗinki na shekara huɗu ne, saura miki semesta uku da za a lissafa, kuma in nauyin kwasa-kwasan ya yi kusan daidai, sai kin riƙa samun wajen 3.7 a kowace kafin ki koma 3.5, inda digiri mai daraja ta biyu babba yake farawa a ma'aunin 5. Abu ne mai yiwuwa, amma ba da irin tafiyar da kike yi yanzu ba. Ki yanka wa aikin awa huɗu a mako, har da taron addu'ar. Ki nemi mutum biyar, biyu a cikinsu baƙi, aƙalla biyu maza domin ziyarar ɗakunan maza ta fita daga wuyanki. Kowa ya riƙe baƙi uku ko huɗu, ya leƙa su sau ɗaya cikin mako biyu, tunda zumunta a ƙafa take.

Shawarata kada ki ajiye yanzu cikin ɓacin rai, domin baƙin za su ɗauka liyafar ce ta kore ki, shugaba kuma ba zai koyi komai ba. Ki ba tsarin nan zuwa ƙarshen semesta. Idan an amince da maganar takardar gayyata, an ba ki mataimaka, makinki ya fara ɗagawa, ki ƙarasa wa'adinki. Idan shugaba ya yarda da rabi, kina iya riƙe addu'ar kaɗai ki sauke shirya taruka. Idan kuwa ya kafe cewa zai ci gaba da gayyata da suna ɗaya ana yin wani abu, ko makinki ya sake sauka, ki rubuta takardar ajiye aiki cikin ladabi, ki faɗi dalilinki a layi biyu, ki ba da wa'adin mako huɗu, ki miƙa littafin addu'a da na asusu ga wanda zai gaje ki, in son samu ne ɗan'uwan nan na Chadi. Ranar addu'a kuma ki zo ki zauna a cikin rukunin mutum uku kamar kowa.

Ki gaishe mini da mutum ukun da suka rage tare da ke, ki kuma rubuto mini yadda kuka yi da ƙawarki.